Hanyar Wani, Saƙon Wani: Waiwaye Kan Tarihin Masu Ɗaukar Saƙo a Ƙasar Kankiya da Kusada

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu cajin waya a bakin tashar Kankiya, ko a mararrabar Gidan Mutum Ɗaya, ba zai rasa jin wani matashi ya miƙa wayarsa yana cewa a sa masa "GB" ba. Abin da yake nufi shi ne GBWhatsApp, wato wata manhaja da waɗansu mutane daban suka kwaikwayi WhatsApp na ainihi suka ƙera, suka ƙara mata abubuwan da kamfanin bai yarda da su ba, sa'annan suka jona ta da hanyar kamfanin ba tare da izininsa ba. Mai rumfa zai tura masa ita daga waya zuwa waya cikin ɗan lokaci, ya karɓi ɗan abin da ya samu, kowa ya kama gabansa.

Wannan ƙaramin ciniki ya sha jawo gardama a ɗakin malamai. Waɗansu daga cikinmu suna ganin wayar tasu ce, datar kuma da kuɗinsu suka saya, saboda haka babu mai ikon gaya masu irin manhajar da za su sa. Waɗansu kuwa suna cewa ai hanyar ta kamfani ce, shi ya gina ta, wanda ya shige ta ba da izini ba ya haura katanga. Da muka ga gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai muka ga ya kyautu mu waiwayi tarihin ƙasarmu, domin matsalar mai hanya da mai raɓa hanya ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Mun kawo ta wannan fili ne saboda ta shafi marubuta kai tsaye, tun da a yau da yawa daga cikin membobinmu ta WhatsApp suke sayar da littattafansu.

ZAMANIN MANZO DA FATAKE

Kankiya da Kusada suna tsakanin manyan birane biyu ne, Katsina da Kano, don haka tun fil azal saƙo yake ratsa su. A zamanin Daular Sakkwato sarakuna suna da hanyarsu ta kansu. Malamin fada zai rubuta wasiƙa da Larabci, a buga mata hatimi, a danƙa ta ga manzo ko jakada. Hatimin nan shi ne shaidar cewa maganar daga bakin sarki ta fito. Talaka ba ya da rabo a wannan hanya, sai dai in yana da uwa a gindin murhu.

To, yaya talaka yake aika saƙo? Yana jiran ayari ne. Falke mai tafiya Kano, ko Gwanja, ko Agadas, shi ake ba sallahu da baki, ko 'yar takardar ajami da malamin unguwa ya rubuta. Falken nan ba aikinsa ke nan ba, kuma babu wata hukuma da ta naɗa shi. Abin da kawai ya riƙe tsarin shi ne amana. Idan aka san falke da cin sallahu, ko da kwance ƙullin da aka ba shi, labari zai riga shi isa zango na gaba.

Har baƙin Turawa da wannan hanya suka dogara. Baturen Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Kusada da Bichi a kan hanyarsa daga Katsina, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu, 1851. Wasiƙunsa zuwa Turai a hannun fatake masu ƙetare Sahara suke tafiya, suna yin watanni a hanya. A shekarar 1854 har aka baza labari a Turai cewa ya mutu, alhali yana nan da ransa. Wannan ya nuna mana cewa tun wancan lokaci wanda bai mallaki hanya ba, rayuwarsa da sunansa suna hannun mai ɗaukar masa saƙo.

ZUWAN GIDAN WAYA

Bayan da Turawan Ingila suka kama Kano da Sakkwato da Katsina a 1903, ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi ba muhimmanci shi ne wayar tangaraho, domin Gwamna ya riƙa jin abin da Razdan yake ciki. Daga wannan waya ne Bahaushe ya raɗa wa ofishin suna "gidan waya", kamar yadda ya kira 'yar takardar da ake liƙawa a ambulan "kan sarki", saboda hoton kan Sarkin Ingila da ke jikinta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma da yake layin bai zarce Katsina ba, wasiƙun Katsina ta wannan hanya tamu suke wucewa, ta Bichi da Tsanyawa da Yashe da Kankiya da Charanchi.

A nan ne aka fara samun mai hanya wanda doka ta ba shi ikon hana kowa. Dokar gidan waya ta Ingila, wadda aka shimfiɗa irinta a ƙasashen da suka mallaka, ta keɓe wa gwamnati ita kaɗai ɗaukar wasiƙa don kuɗi. Amma ko a Ingila ɗin an bar wata 'yar ƙofa, wato aboki mai tafiya yana iya riƙe wa abokinsa wasiƙa idan ba lada zai karɓa ba. Bayan samun 'yancin kai a 1960 ma'aikatar P&T ta ci gaba da riƙe wasiƙa da tarho gaba ɗaya. A 1985 aka raba su, aka kafa NITEL don tarho, harkar wasiƙa kuma ta koma hannun NIPOST, wadda dokar soja mai lamba 41 ta 1992 ta tabbatar mata da wancan keɓantaccen iko.

Doka daban, abin da ake yi a ƙasa daban. Mu da muka yi makarantar sakandare a shekarun 1990 mun san hanyoyi uku da jama'a suka bi suka raɓi gidan waya.

Ta farko ita ce "ta hannun". Akwatin gidan waya kuɗi ake biya a kama shi, kuma akwatunan ba su da yawa. Don haka unguwa guda tana iya rataya da akwatin mutum ɗaya, ko na makaranta, ko na sakatariyar ƙaramar hukuma. Za a rubuta sunanka, a ƙasa a sa "ta hannun Malam wane". Marubutan littattafan Hausa na wancan lokaci da yawa irin wannan adireshi suke sawa a bayan littafi, masu karatu su yi ta aiko da wasiƙun yabo da gyara. Haka ma masu aika katin zaɓi-sonka gidan Rediyon Kaduna. Mai akwati ya yi maka alheri, amma fa wasiƙarka sai ta kwana a aljihunsa. A makarantun kwana kuwa, musamman na 'yan mata, an sha buɗe wasiƙar ɗaliba a ofis kafin ta isa hannunta, wani lokaci ma a karanta ta a gaban taron safe. Masu yin haka suna cewa tarbiyya suke karewa. Wanda ya rubuto wasiƙar dai ba a tambaye shi ba.

Ta biyu ita ce direba. Ka je tasha da sassafe, ka ba direban Kano ko na Katsina ambulan da ɗan kuɗin goro, ka kwatanta masa shagon da zai ajiye. Kafin la'asar saƙo ya isa. In za a bi harafin doka wannan shiga gonar gidan waya ce, tun da an karɓi lada. Amma jama'a ba su taɓa ɗaukar direban nan a matsayin ɓarawo ba, domin da motarsa da mansa yake aikin, kuma mai aikawa da mai karɓa duk sun san hannun da takardar ta bi. Direban da aka kama ya buɗe ambulan ya zare kuɗi, shi ne tasha take juya wa baya.

Ta uku ita ce kaset. Wanda bai iya rubutu ba, ko bai son malamin wasiƙa ya ji sirrinsa, sai ya ɗauki muryarsa a rikoda, a naɗe kaset ɗin a ba alhaji mai tafiya Makka ko ɗan kasuwa mai zuwa Ikko. Saƙon murya da 'ya'yanmu suke turawa a yau jikan wannan kaset ne.

WAYAR HANNU DA DARASIN JONA LAYI

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 20 layukan tarho da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'a sun haura miliyan ɗari. Mutumin Kusada da ke son magana da ɗan'uwansa a Kaduna sai ya nemi gari mai tarho, ya roƙi mai shi ko ya bi layi. An kafa hukumar sadarwa ta NCC a 1992, amma canji na gaske bai zo ba sai a Janairun 2001, lokacin da aka yi gwanjon lasisin wayar hannu a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara, Glo ya biyo baya a 2003 da lissafin kira na daƙiƙa-daƙiƙa.

Da farko layi ya yi tsada ƙwarai, don haka sai ga wani sabon mai raɓa hanya ya ɓullo: mai lema da tebur da waya a bakin titi, kana biya kana kira. Ya taimaki dubban mutane, shi ma ya ci abinci. Illarsa ita ce yana tsaye a kanka kana magana, kuma lambar da ka kira tana nan a wayarsa bayan ka tafi. An sha samun samari da suka kwashi lambar 'yan mata ta wannan hanya, yarinya ta rasa inda aka samo lambarta.

Darasi mafi girma na wannan zamani shi ne na jona layi. A shekarun farko kiran wani layi daga wani layin wahala ne da tsada, shi ya sa muka ga 'yan kasuwa da waya biyu ko uku a aljihu. Kowane kamfani ya fi son abokan hulɗarsa su zauna a cikin shingensa. Abin da ya warware matsalar shi ne doka. Dokar Sadarwa ta 2003 ta wajabta wa kowane mai lasisi ya jona hanyarsa da ta ɗan'uwansa idan an nema, hukuma kuma ta tsara kuɗin da za su riƙa biyan juna. A 2013 aka ƙara ba mutum damar komawa wani kamfani da tsohuwar lambarsa. A yau yaro yana kira daga MTN zuwa Airtel bai ma san an taɓa yin rigima a kan haka ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

WHATSAPP DA MASU KWAIKWAYONSA

Jan Koum da Brian Acton ne suka kafa WhatsApp a Amurka a 2009, kamfanin Facebook, wanda yanzu ake kira Meta, ya saye shi a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19. A 2016 aka sa wa dukkan saƙonninsa wani irin kulle wanda wayar mai aikawa da ta mai karɓa kaɗai ke iya buɗewa. Bambancinsa da layin waya shi ne shingensa a rufe yake ruf. Mai WhatsApp ba ya iya aika wa mai Telegram, kuma a ƙasarmu babu dokar da ta tilasta masa buɗewa.

A gefen wannan shinge ne GBWhatsApp da WhatsApp Plus da FMWhatsApp da YoWhatsApp suka tsiro. Ba a samun su a kasuwar manhaja ta Google, sai dai a tura maka ko ka sauko da su daga wani shafi. Dole mu faɗi gaskiya, sun zo da abubuwan da jama'a ke buƙata. Sun ba mutum damar sa layi biyu a waya ɗaya shekaru kafin kamfanin ya yarda da haka a 2023. Sun ba da damar tura hotuna da yawa a lokaci guda, da canza launi, da adana abin da wani ya ɗora a matsayinsa. Amma abin da ya fi jan matasa daban ne: ka karanta saƙo ba tare da mai shi ya ga alamar ka karanta ba, ka ga saƙon da mai shi ya goge, ka ajiye hoton da aka turo maka da sharaɗin kallo sau ɗaya.

Kamfanin bai zuba ido ba. A Janairun 2015 ya dakatar da masu amfani da WhatsApp Plus na tsawon awa 24, a 2019 ya sake bin masu GBWhatsApp da irin wannan horo tare da gargaɗin rufewa ta dindindin. A 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya gano muguwar manhajar nan mai suna Triada a ɓoye cikin wani samfurin FMWhatsApp, wadda ke iya karanta saƙon tes ta kuma yi wa mutum rajistar abin biyan kuɗi bai sani ba. A Oktoban 2022 Meta ta kai ƙarar waɗansu kamfanoni da ke bayan manhajojin HeyMods, tana zarginsu da sace asusun mutane fiye da miliyan ɗaya.

Irin wannan kokawa ba a kanmu ta fara ba. A 1999 kamfanin Microsoft ya fito da MSN Messenger ya jona shi da hanyar AOL ba da izini ba, AOL ya toshe, Microsoft ya sake ɓullowa ta wani wuri, aka yi ta yi har Microsoft ya haƙura. A Disambar 2023 wata manhaja mai suna Beeper Mini ta samo hanyar shigar da masu wayar Android cikin iMessage na kamfanin Apple, cikin 'yan kwanaki Apple ya toshe ta yana kafa hujja da tsaron abokan hulɗarsa. Tarayyar Turai kuwa ta bi irin hanyar da muka bi a 2003. Ta yi doka wadda daga Maris 2024 ta wajabta wa WhatsApp ya tanadi ƙofar da sauran manhajojin saƙo za su iya jonuwa da shi a ƙasashenta, bisa sharaɗin kada kullen saƙo ya raunana, kuma sai mai waya ya amince.

INA GASKIYA TAKE?

Idan muka jera waɗannan masu ɗaukar saƙo, daga falke zuwa mai akwati, zuwa direba, zuwa mai lema, za mu ga jama'armu ba su taɓa auna su da izinin mai hanya kawai ba. Tambayoyi biyu suke yi. Shin mai aikawa da mai karɓa duk sun san hannun da saƙon ya bi? Shin wannan hannu ya isar da shi yadda aka ba shi? Direban tasha ya ci wannan jarrabawa ko da yake doka ba ta tare da shi. Malamin da ya buɗe wasiƙar ɗaliba ya faɗi, ko da yake akwatin na makarantarsa ne.

Da wannan ma'auni, hujjar "wayata ce" ba ta isa ba, domin saƙo na mutum biyu ne. Matar da ta tura wa ƙawarta magana cikin fushi, ta yi nadama ta goge, ta yi haka ne bisa alkawarin da manhajar ta yi mata cewa maganar ta tafi. Idan ƙawar tana da GB, an karya mata alkawari ba ta sani ba, kuma ba ta da hanyar ganewa. Bugu da ƙari, falke da direba muna ganin fuskarsu, mun san gidansu. Wanda ya ƙera GB kuwa babu wanda ya san shi a tashar Kankiya, amma mun danƙa masa lambobin iyayenmu da hotunan iyalinmu da saƙonnin banki. Har ila yau direba da motarsa yake aiki, ita kuwa wannan manhaja a kan kwamfutocin wani take hawa ba ta biyan ko kwabo.

Wannan bai wanke mai hanya ba. Kamfanin da kusan kowane mai babbar waya a gari ya shiga shingensa, har makaranta da asibiti da ƙungiya suka koma sanar da taro ta cikinsa, ya zama tamkar rijiyar gari, ba zai ce ikonsa irin na mai rijiyar cikin gida ba ne. Kuma kalmar "tsaro" tana iya zama gaskiya ta kuma zama mayafin kare kasuwa a lokaci guda. Shi kansa mai hanyar an tuhume shi da taɓa amana: a Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta Nijeriya, FCCPC, ta ci tarar Meta da WhatsApp dala miliyan 220 a kan yadda suka yi da bayanan 'yan Nijeriya, kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Ashe ke nan hukuma tana iya tsayawa ta yi magana da mai shinge. Idan muna son shingen ya buɗe, tarihin jona layi ya nuna mana wurin da za mu kai kuka, wato gaban 'yan majalisa da hukumar NCC, inda za a yanka ƙofa kowa ya shiga da rana tsaka.

KAMMALAWA

Ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, maganar ta fi kusa. Marubuciyar da ta tara masu karatu ɗaruruwa a zauren WhatsApp, suna biya tana sakin shafi-shafi, jarinta duka yana rataye da lamba ɗaya. Idan ta sa manhajar kwaikwayo aka rufe lambar, ko aka sace asusun, zauren da amanar kuɗin mutane za su iya tafiya dare ɗaya, kuma ba ta da inda za ta kai ƙara tun da ita ta saɓa sharaɗi. Masu karatun da ke amfani da irin waɗannan manhajoji kuma suna iya adana abin da ta goge su yaɗa. Shawararmu ita ce kowa ya tsaya a manhajar ainihi, ya sa mabuɗin sirri na biyu da aka tanada, ya ajiye kwafin rubutunsa da lambobin masu karatunsa a wani wuri daban, ko da a littafin rubutu ne. Masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Muna kuma kira ga membobi da ke Kankiya da Kusada da Ingawa su nemi tsofaffin direbobi da masinjoji da malaman wasiƙa da suka rage, su ɗauki labarinsu tun suna raye. Tsofaffin ambulan masu "ta hannun" da kaset-kaset ɗin da ke cikin adakar iyayenmu kayan tarihi ne, kada mu bari gara ta riga mu. Wanda ya samu wani abu daga ciki, filin nan a buɗe yake gare shi a fitowa ta gaba.